Kambas, Dabino Da Fiya Wata: Amsa Ga Masu Yi Wa Ɗan Gudu Dariya

Na san tun daga kan maganar wasunku sun fara taɓe baki. Magidanci da iyali, furfura ta fara leƙowa a gemu, ya tashi da duku-duku ya kama gudu a titi, ba gobara, ba ɓarawo, ba mahaukacin kare? Tambayoyinku uku ne, har na haddace su: wa ya biyo ka, nawa ake biyan ka, kuma me za ka gaya wa gwiwarka in tsufa ya zo. Ba wanda ya biyo ni. Ko sisi ba a ba ni, ni ne ma nake biyan kuɗin rajista in an shirya tsere. Maganar gwiwa kuwa ku riƙe ta da kyau, tana nan tafe, kuma ba za ta yi muku daɗi ba.

Masu yi mini dariya gida biyu ne. Akwai 'yan majalisa, ma'abota benci da tabarma, waɗanda tafiyarsu mafi tsawo a yini ita ce daga ƙofar gida zuwa teburin mai shayi, ita ma in da hali a kan babur. A wurinsu duk wanda ya yi gudu ba dalili a bincike shi, ko iska ko ƙwaya. Sai gida na biyu, 'yan gayu. Su suna gudun, ba laifi, amma sun yi imani ƙafa ba ta motsi sai an zuba mata dala: takalmi daga Landan, agogo mai hira da tauraron ɗan'adam, da wani zaƙi-zaƙi a 'yar leda da ake kira jel. Na farko sun ce na zautu, na biyu sun ce na cika ƙauyanci don dabino nake cusawa a aljihu. To ku gyara zama, yau kowa zai karɓi rabonsa.

Bari in fara da kai, Alhaji, ranka ya daɗe, tunda kai ka ce gudu ba na mutanen kirki ba ne. Da ka je Makka, tsakanin Safa da Marwa, da ka iso wurin korayen fitilun nan, me ka yi? Sassarfa ka yi, da haraminka da tumbinka, kuma ba ka ji girmanka ya zube ba. Kai-komon nan bakwai ya tasam ma kilomita uku. Malamai kuma sun karantar da mu cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya yi tsere da Nana A'isha. Kakanninmu fatake sun taka daga Kano har Gwanja neman goro, wasu sun ratsa Chadi da Sudan a ƙafa don sauke farali. Jikokinsu ne yau suke tsayar da Adaidaita Sahu don zuwa bakin layi. In kuma shekaru ne hujjarka, wani dattijo Ba'indiye mazaunin Ingila, Fauja Singh, ya kammala gudun fanfalaki na Toronto a 2011 ana lissafa masa shekara 100 a duniya. Ya haura awa takwas a hanya, amma ya kai. Nisan kilomita 42 ne da mita 195, ka ce daga Kano zuwa Wudil.

Yanzu ga kaya. Cikin duk abin da ɗan gudu zai saya, abu ɗaya na yarda aljihu ya yi kuka a kansa, shi ne takalmi. Na ji ka, Malam mai tarihi a baka, za ka ce ai Abebe Bikila na Habasha ba takalmi ya ci zinaren gudun fanfalaki a gasar Olamfik ta birnin Rum a 1960. Haka ne, awa 2 da minti 15 da daƙiƙa 16 ya yi. Amma me ya sa kullum a nan kake datse labarin? Bayan shekara huɗu, a Tokyo, mutumin nan ya sa takalmi, ya sake cin zinare, ya zabge fiye da minti uku daga lokacinsa, alhali bai cika mako shida da tiyatar afendis ba. Sannan Bikila bai taɓa bin layinmu da asuba ba, inda ƙusa da fasasshiyar kwalba suke kwana suna jiran tafin ƙafa.

Ku kuma 'yan gayu kada ku yi saurin tafi. Takalmin da kuke mafarki na san shi. A 2017 kamfanin Nike ya fito da Vaporfly, mai soso mara nauyi da farantin kabon a tsakiya, a kan dala 250. Masu bincike a Jami'ar Kolorado suka auna, suka ga yana rage wa mai gudu kimanin kashi 4 cikin 100 na ƙarfin da yake ƙonawa. Da ƙanen wannan takalmi Eliud Kipchoge ya yi gudun fanfalaki a birnin Biyana a watan Oktoban 2019, awa 1 da minti 59 da daƙiƙa 40. Abin ya kai hukumar guje-guje ta duniya ta kafa doka a 2020: kaurin ƙasan takalmin tseren titi kada ya wuce milimita 40, faranti kuma ɗaya tak. A 2023 Tigst Assefa ta Habasha ta yi awa 2 da minti 11 da daƙiƙa 53 a Balin da wani na Adidas mai nauyin giram 138, kuɗinsa dala 500, wanda don tsere ɗaya aka ƙera shi.

Duk wannan ba ƙarya a ciki. To amma, ɗan'uwa, kashi 4 na me? A wancan gudun, Kipchoge a ƙasa da minti uku ya riƙa cinye kowace kilomita. Ni da kai sai mun ninka wannan, muna yi muna gaisawa da mutanen unguwa. In ka ce takalmin zai rage maka 'yan mintoci a tseren awa biyar, ban musa ba, amma ƙara fita sau ɗaya a mako zai rage maka fiye da haka, kuma kyauta. Dala 500 kuwa a canjin yau, kai ka san abin da uwargida za ta ce in ta ji ka ɗaura kuɗin cefanen watanni a ƙafa ka taka kwata da su.

Nawa takalmin kambas ne na yau da kullum, mai soso daidai-wa-daida, kuma ba na kunyar faɗin cewa wani lokaci daga hannun 'yan gwanjo nake ɗauko shi. Ƙofar Wambai ba ta rasa kaya, mutanen Kaduna kuma kuna da Kasuwar Barci. Sai dai sayen na gwanjo ilmi ne. Kada ka kalli sama, sama ado ce. Juya shi ka duba dunduniya: in gefe ɗaya ya cinye, wanda ya fara sa shi ya riga ya koya masa tafiyarsa, kuma ƙafarka ce za ta gaji karkatar. Danna soson da babban yatsa. In ya yamushe ya ƙi dawowa, ya mutu, ko da fentinsa yana ɗaukar ido. Soson takalmin gudu yakan gaji tsakanin kilomita 500 zuwa 800, kuma mai gwanjo ba zai gaya maka nawa aka ci a ciki ba, shi dai, "Wallahi Alhaji sabo ne fil, ko sau biyu ba a sa ba." Ka je da yamma, lokacin da ƙafa ta ɗan kumbura, ka tafi da safar da za ka yi gudu da ita, ka bar faɗin babban yatsan hannu tsakanin yatsun ƙafa da bakin takalmin. Wanda ya sayi daidai cif, farcensa ne zai biya: ya yi baƙi, ya fita, ya bar shi da silifas har wurin ɗaurin aure. A kuma yi hattara da jabu. Tambarin kamfani ba ya ɗaukar nauyin mutum. Na jabu ka gane shi da nauyi da taurin ƙasa.

Safa kowa yana raina ta sai ranar da ta rama. Ta auduga tana shan gumi ta riƙe, fata ta yi laushi, gogayya ta fara, sai bororo. Nemi ta roba-roba. Haka riga: jesin ƙwallo ya wadatar, na kowace ƙungiya, ko da wadda ta manta kamannin kofi ce, gumi ba ruwansa da wannan. A gafarce ni zan faɗi wata magana da ba a faɗa a majalisa: a dogon gudu riga takan goge kan nonon namiji har ya yi jini, haka cinyoyi da hammata sukan saɓule. 'Yan gayu suna aikawa a sayo musu wani mai na musamman daga waje. Ni man kaɗanya nake shafawa, wanda in hunturu ya shigo shi ne dai zai tsare mini leɓe da faso. In babu, basilin da filasta.

Wando kuwa nawa yana rufe gwiwa, kuma babu alƙalin tseren da ya taɓa tsayar da ni a kan haka. Hajiya, ke ma ba ki da mafaka a nan. Ruqaya Al-Ghasara ta Bahrain da hijabinta da dogon wandonta ta ci zinaren mita 200 a wasannin Asiya na Doha a 2006. Yanzu akwai hijabin wasanni mara nauyi mai shan iska, kuma tela mai hankali zai ɗinka miki irinsa da yadin jesi. Abin da ba a yi masa rowa a wurin mace bayan takalmi shi ne rigar mama ta wasanni mai riƙe jiki. Saura ƙanana ne: hula hana-sallah saboda rana, 'yar tocila ta goshi saboda rami, riga mai haske saboda direban da bai gama farkawa ba. Kuma ka bi gefen da kake fuskantar motoci, ka ga mai zuwa da idonka.

Agogo ba zan daɗe a kansa ba. Yana da daɗi, ya gaya maka nisa da sauri da bugun zuciya, amma ba ya ɗaga maka ƙafa. Wayarka tana yin rabin aikinsa da manhaja irin Strava. Sai dai kada ka riƙe ta a hannu da duhun asuba, masu ƙwace ma sammako suke yi, kuma sun fi ka gudu. Sannan ka rufe taswirarka. A watan Janairun 2018 aka gano taswirar da Strava ta wallafa ta nuna wuraren sansanonin sojan Amurka a Siriya da Afganistan, saboda sojojin suna zagaya sansani da gudu na'urorinsu a kunne. In ta tona na soja, ƙofar gidanka da lokacin fitarka ba za su gagare ta ba. Ni ma'aunina gaisuwa ce: in ina iya amsa sallama har in tambayi iyali numfashi bai sarƙe ba, saurina ya yi daidai.

To mu zo kan ciki, inda rigimar take.

Jiki yana ajiye sukari a tsoka da hanta, masana suna ce masa gilaikojin, kimanin rabin kilo in an ƙoshi, wato wajen kalori 2,000. Gudun kilomita ɗaya kuma yana cin kusan kalori ɗaya a kan kowane kilo na nauyin mutum. Mai kilo 70 ke nan yana bukatar abin da ya tasam ma 3,000 kafin ya ga ƙarshen fanfalaki. Ko ɗan firamare ya ga lissafin bai cika ba. Shi ya sa wajen kilomita 30 mutum yakan zama babur ɗin da mai ya ƙare masa har risab: ƙafa ta yi nauyi, kai ya fara juyawa, zuciya ta fara tambayar wanda ya aike ka. Kitse yana nan jibge, wasunmu ma Allah Ya hore musu da yawa, amma shi a hankali yake ci, ba ya ɗaukar sauri.

Saboda haka ƙa'idar mai sauƙi ce. Gudun da bai kai awa ɗaya ba ba ya bukatar guzuri. Wanda ya zagaya Filin Sukuwa sau biyu ya zauna ya buɗe jel, kwaɗayi ne ya fito da shi. In gudun zai haura awa ɗaya da rabi, ana son giram 30 zuwa 60 na sukari a kowace awa, kuma a fara da wuri, kada a jira jiri. Ledar jel ɗaya tana ɗauke da giram 20 zuwa 25. Dabino kuwa kusan kashi uku cikin huɗu na nauyinsa sukari ne da danginsa, don haka ƙanana huɗu ko biyar sun tsaya a madadin leda ɗaya. Wani abin daɗin shi ne a cikin sukarinsa akwai gulukos da furuktos, kusan daidai-wa-daida, kuma hanji yana da ƙofa dabam ga kowannensu. Dalilin ke nan da kamfanoni suke haɗa biyun a jel ɗinsu, su rubuta a jikin leda da manyan baƙaƙe. Abin da suka zauna a ɗakin gwaji suka haɗa, bishiya ta riga su, tun daga Agadas har Dutse ta Jigawa, inda ma akwai tashar binciken dabino.

Amma a bi shi da dabara. Busasshen nan mai tauri, in ka ce za ka tauna shi kana haki, kai da haƙorinka ne. A jiƙa shi tun dare, ko a nemi mai laushi, a cire ƙwallon, a daka da ɗan gishiri, a mulmula ƙanana a ƙulla a leda. Yana da harza, don haka in aka zarce, ciki zai yi magana a inda ba a so. Ni nakan sassaɓa shi da zuma, cokali ɗaya a ƙullin leda, a huda da haƙori a tsotsa a bi da ruwa. Babban cokali yana da wajen giram 17 na sukari. In kuna ganin son kai ne, a 2012 an gwada ayaba da lemon 'yan wasa a kan masu tseren keke na kilomita 75 a Amurka, lokacinsu ya zo ɗaya. A 2019 kuma Jami'ar Ilinoi ta gwada markaɗaɗɗen dankalin Turawa da jel, nan ma kunnen doki aka yi, sai dai masu dankalin sun fi kukan kumburin ciki. Zan yi wa jel adalci ɗaya: ba a tauna shi. A ƙarshen tsere, lokacin da baki ya ƙi komai, wannan ba ƙaramin abu ba ne. Wanda yake da hali ya saya, ba haram ba ne. Wanda ba shi da shi kada ya ce rashinsa ne ya hana shi fita.

Ku da kuke ganin sai abincin Turawa, me kuke tsammani 'yan Kenya suke ci a Iten, garin nan da ke kan tsaunin mita 2,400, inda zakaru suke atisaye? Ugali, wato tuwon masara, da ganye, da wake, da shayi mai madara da sukari. A 2004 Vincent Onywera da abokan aikinsa suka bi diddigin abincin wasu manyan 'yan gudun ƙasar, suka tarar kimanin kashi 76 cikin 100 na ƙarfinsu daga sitaci da sukari yake fitowa. Wato ku 'yan teburin mai shayi, abincin zakarun duniya kuke ci safe da yamma. Gudun ne kawai ya rage muku.

Ruwa kuma fiya wata ta raba gardama. Rabin lita ce, tana lanƙwasa a tafin hannu, ba ta kaɗawa, kuma kowane lungu akwai mai sayarwa. Ledar dai a mayar da ita aljihu, kwatocinmu sun ƙoshi. In kana son sanin yawan da jikinka ke bukata, hau sikeli kafin ka fita da bayan ka dawo: kowane kilo ɗaya da ya ɓace lita ɗaya ce ta gumi, leda biyu ke nan. Kuma kada wani ya ce maka ruwa ba ya yawa. A gudun Boston na 2002 an gwada jinin mutum 488, aka tarar kashi 13 cikin 100 gishirin jininsu ya yi ƙasa, galibi saboda ɗirkar ruwa fiye da ƙima, kuma abin yakan kai ga rasa rai. Mu masu jan ƙafa a baya mu ya fi kamawa, don mun fi daɗewa a hanya muna tsayawa a kowane tebur. A sha in an ji ƙishi, a kurɓa, kada a yi ɗurin raƙumi.

In zafi ya yi zafi sai a haɗa da gishiri. Lemon nan Gatorade da ake ji da shi, a 1965 wani likita, Robert Cade, ya haɗa shi a Jami'ar Fulorida don 'yan ƙwallon makarantar: ruwa, sukari, gishiri, daga baya aka matsa lemon tsami saboda ɗanɗano. Wace uwa ce a ƙasar Hausa ba ta san ruwan gishiri da sukari ba? Na asibiti ƙaramin cokali shida ne na sukari da rabin cokali na gishiri a lita ɗaya. Don gudu nakan ninka sukarin, in raba gishirin biyu, in matsa lemon tsami. Wannan na ɗan gudu ne. Yaro mai gudawa a bar shi a kan awon asibiti. Ɗan Arewa da zai je gasar Legas, wadda aka fara a 2016 kuma ake yi a watan Fabrairu, ya riƙe wannan da kyau. Can gumi ba ya bushewa, gadar Third Mainland da tseren ya saba bi kuma kusan kilomita 12 ce, ba inuwa, ba mai rake. Abraham Kiptum na Kenya da ya ci ta farko dala 50,000 ya tafi da ita. Mu lambar wuya muke tafiya da ita, da ɗingishi.

Baba mai goro, kai ma kana da gaskiya a wuri ɗaya. Sinadarin kafin da ke cikin goro da shayi da gahawa yana rage jin gajiya, kuma tun 2004 hukumar yaƙi da shan ƙwayoyin ƙara kuzari ta duniya ta cire shi daga jerin haramtattu. Ɓari ɗaya kafin a fita ya isa. A tsakiyar gudu busar da baki yake yi. Abin da ba wasa a cikinsa shi ne ƙwaya. Tiramol an haramta shi a gasa tun farkon 2024, kuma ko ba doka, abin da yake yi shi ne ya toshe maka kunne daga kukan jikinka. Magungunan ciwon jiki irin ibuprofen ma, in suka haɗu da zafi da ƙarancin ruwa, ƙoda suke taɓawa. Masu neman gajeriyar hanya ba yau suka fara ba. A Olamfik ta 1904 a Amurka, masu kula da ɗan gudun fanfalaki Thomas Hicks sun ɗura masa farin ƙwai da barasa da ɗan sitiriknin, abin da ake kashe ɓera da shi. Ya zo na ɗaya, amma a tallafe ya tsallake layi, kuma da ƙyar ya sha.

Daren dogon gudu tuwon shinkafa nake so, ko taliya, miya kaɗan, mai kaɗan, yaji a ba shi hutu. Mu Kanawa a nan ake jarraba imaninmu, don garau-garau da ɗanwake sai an dawo, gurasa kuma a ci ta haka nan ba bandashe. Abokan wasana Zazzagawa, na san hankalinku yana kan fate. Ku sha abinku, amma bayan gudu. Wanda ya cika ciki da yakuwa da alayyafo ya hau titi, ya fara tambayar inda makewayi yake tun kafin ya bar Tudun Wada. Da safe shayi da burodi ko koko, awa biyu kafin a tashi. In lokaci ya ƙure, ayaba ɗaya. Kuma duk abin da ba ka gwada a atisaye ba, takalmi ne ko safa ko abinci, kada ka fara shi ranar tsere. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Bayan an dawo, fura da nono. A nan ba na karɓar gardama daga kowane gida: ga gero ya mayar da abin da aka ƙona, ga nono ya gyara tsoka, ga ruwa, ga sanyi. A ƙara da dafaffen ƙwai ko ƙosai. Garin da 'yan gayu suke kaɗawa a gora aikin da yake yi ke nan, sai dai shi ba ya zuwa da ludayi.

Da azumi ba a daina ba, ragewa ake yi. Ko dai ɗan gajere a hankali gab da shan ruwa, yadda za a ƙare ana kiran salla, ko kuma bayan asham in ana son mai tsawo. Wanda ya fita da tsakar ranar bazara da bakin azumi, wannan na yarda da 'yan majalisa, a bincike shi.

Saura gwiwa. A 2017 aka tattara bincike da dama da suka shafi mutum fiye da 100,000, aka duba amosanin gwiwa da kwatangwalo. Cikin masu gudu don nishaɗi, kashi 3.5 cikin 100 ne suke da shi. Cikin manyan 'yan gasa, kashi 13.3. Cikin masu zama ba motsi, kashi 10.2. Ka ji, Yaya? Benci ya ninka titi kusan sau uku. Abin da ke cin gwiwar sabon shiga gaggawa ce: mutum ya shekara ashirin a zaune, ran Asabar ɗaya ya ce sai ya hau Dala ya sauko ya zarce Goron Dutse. Jijiya da ƙashi sun fi huhu jinkirin sabo, sai an bi su mako-mako.

Don haka mai hawan jini, ko ciwon sukari, ko wanda ya taɓa jin ƙirji ya riƙe, ya fara da ganin likita, kuma maganar dabino da zumar nan ba da shi nake ba sai abin da likitan ya ce. Sauran ku ba ku da uzuri. Ran Asabar bayan sallar Asuba ku ɗauko kambas ɗin da ke ƙarƙashin gado, ku yi gudu minti ɗaya, tafiya minti biyu, ku maimaita har minti ashirin, ku koma gida. Ku yi haka sau uku a mako na wata guda kafin ku sayi komai. Wanda ya cika watan ya neme ni, dabinon farko ni zan saya masa.